An Wanke Kwamfutar, Makullan Kuwa Suna Hannun Ɓarawo

Ranar da ƙanena ya karɓo kwamfutarsa daga wurin mai gyara, da fara'arsa ya shigo gida. Malamin firamare ne a nan Abaji, kuma tsohuwar laftop ɗin nan ita ce ofishinsa. A cikinta yake buga tambayoyin jarrabawa, a cikinta yake ajiye sakamakon yara, da ita 'yarsa take duba shafinta na JAMB, har 'ya'yan maƙwabta kan zo su zauna a zaure su cike fom da ita. Kwana biyu kafin nan ta fara nauyi, fankarta tana ta kuka ko ba a aikin komai, wani baƙin akwati yana bayyana a fuskarta ya ɓace kafin ka karanta abin da ke ciki. Mai gyaran ya ce bairos ne, ya bi ta da maganin bairos, ya karɓi kuɗinsa, ya ce, "Malam, na wanke maka ita tas, je ka ci gaba da aikinka."

Kuma gaskiya ya faɗa, kwamfutar ta dawo da saurinta. Amma bayan kamar mako guda, ana idar da sallar magariba, sai ga kiran gwaggonmu daga Lokoja, tana salati tana tambayar wane asibiti aka kwantar da matarsa. Saƙo ne ya je mata ta Facebook da sunansa da hotonsa, ana neman kuɗin magani da gaggawa, ga lambar wani asusun banki a ƙasa. Matar kuwa tana tsakar gida tana kwashe tuwo. Da ya je shiga shafin nasa, kalmar sirrinsa ta ƙi aiki. Da ya nemi a turo masa sabuwa ta imel, sai ya tarar imel ɗin ma an canza masa kuba. Ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Yaya, ai an ce an wanke ta."

Wannan maganar tasa ce ta sa na zauna rubuta wannan sharhi, domin kuskuren da ke cikinta kusan kowa yana yin sa. Cire bairos daga kwamfuta kamar korar ɓarawo ne daga cikin ɗaki. Ya fita, amma makullan shago da na rumbu da na akwati da ya tsinta a kan tebur suna aljihunsa, kuma ba ya buƙatar sake shigowa ɗakin kafin ya yi amfani da su.

Abin da ya sa muke ruɗewa shi ne mun saba da bairos na da, mai hayaniya. Wanda ake lissafawa a matsayin na farko da ya yaɗu a ƙananan kwamfutoci samfurin IBM, mai suna Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan a 1986, kuma har sunayensu da adireshinsu da lambobin wayarsu suka saka a ciki. Wanda muka fi sani a shagunan buga takardu na garuruwanmu shi ne na filash, wanda ke ɓoye takardunka ya bar maka shotkot a madadinsu. Irin waɗannan ɓarnarsu a fili take, kana gani ka san an taɓa ka. Na yanzu kuwa kuɗi ya kawo su, shi ya sa ba sa son a ji motsinsu. Masana suna kiran su manhajojin satar bayanai. Da zarar ɗaya ta shiga, cikin 'yan mintoci take kwashe duk kalmomin sirrin da burauza ta adana maka, da lambobin katin banki idan ka taɓa yarda ta riƙe su, da hotuna da takardun da ke saman tebur ɗin kwamfutar, ta ɗaure su ƙunshi guda ta aika. Wasu ma da sun gama sai su goge kansu. Nauyi da kukan fanka da suka kai ƙanena wurin mai gyara wataƙila na wata manhajar ce daban da ta shigo tare da ita. Satar an riga an gama ta tun kafin ya lura da komai.

Kasuwanci ne mai tsari. Masu rubuta manhajar haya suke ba da ita wata-wata, masu hayar su baza ta, su tattara ƙunsoshin, su sayar wa wasu. Wanda ya saci bayanan ƙanena da wanda ya rubuta wa gwaggo saƙo mai yiwuwa ba su taɓa sanin juna ba, kuma wannan ne ya sa aka ɗauki kwanaki tsakanin satar da amfani da ita. A watan Oktoban 2024 'yan sandan Holan da takwarorinsu na wasu ƙasashe suka rusa cibiyar wata irin wannan manhaja mai suna RedLine. A watan Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya sanar cewa tsakanin 16 ga Maris da 16 ga Mayu kawai ya gano kwamfutoci sama da 394,000 masu Windows da wata mai suna Lumma ta kama a faɗin duniya, aka kuma ƙwace adireshin intanet kusan 2,300 da take aiki da su. Ana rusa wata, wata tana tasowa.

Ta ina suke shigo mana? Galibi da hannunmu muke buɗe musu. Manhajar kuɗi da aka fasa ana rabawa kyauta, wasan yara da aka sauko da shi daga shafin da ba a sani ba, manhajar sauke finafinai. Duk wanda ya taɓa saka irin waɗannan ya san umarnin farko da ake bayarwa: kashe maganin bairos ɗinka tukuna. Mutum ya sallami maigadi da kansa, sannan ya buɗe ƙofa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai kuma wata dabara da ta yi yawa kwanan nan, inda shafi zai ce ka tabbatar kai ɗan'adam ne, sai ya umarce ka da ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka liƙa wani rubutu, ka danna shiga. Babu shafin ƙwarai da zai nemi haka. Wanda ya bi umarnin ya saka wa kansa manhajar da yatsunsa.

Akwai abu ɗaya a cikin ƙunshin da ya fi kalmar sirri haɗari, kuma mutane kaɗan ne suka san da shi. Idan ka shiga Gmail ko Facebook sau ɗaya, shafin yakan bar wata 'yar shaida a burauzarka, ana ce mata kukis, don kada ya riƙa tambayarka kalmar sirri kullum. Kamar tikitin mota ne a tasha. Da ka biya aka yanka maka, babu mai sake tambayar sunanka, duk wanda ya riƙe takardar shi ne mai kujerar. Ɓarawon da ya kwafi wannan shaidar zai iya zama a cikin asusunka ba tare da ya san kalmar sirri ba, ba tare da an turo wata lamba zuwa wayarka ba. Saboda haka ko mai matakin tsaro biyu bai tsira ba idan kwamfutar da yake shiga da ita ce ta kamu.

Daga nan ne tsarin aikin yake fitowa, kuma jerin yana da muhimmanci ƙwarai, domin yawancinmu daga ƙarshe muke farawa. Da ka yi zargin kwamfuta ta kamu, yanke ta daga intanet, ka rufe ta, ka ajiye. Kada ka canza ko kalmar sirri ɗaya a kanta, don sabuwar ma hannun ɓarawon za ta faɗa. Gyaranta zai iya jira har gobe ko jibi, asusunka ne ba za su jira ba. Ɗauki wayar da ka amince da ita, wadda ba a cika ta da manhajojin da aka turo ta Xender ko jabun WhatsApp irin su GB ba, ka fara da imel.

Na ce imel, ban ce banki ba, kuma da dalili. Imel shi ne zoben da duk sauran makullai ke rataye a jikinsa. Facebook, shafin JAMB, shafin neman aiki, manhajar banki, kusan duk wanda ka ce masa ka manta kalmar sirri, imel zai aika wa sabuwa. Wanda ya riƙe imel ɗinka zai iya karɓe sauran ɗaya bayan ɗaya yana zaune. Canza kalmar sirrinsa, sannan ka shiga sashen tsaro ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, don a yayyage tsofaffin tikitin nan. Duba lambar waya da imel na ceto, ka tabbatar naka ne. Sannan ka duba wani lungu da ake mantawa da shi, wato wurin da ake saita tura saƙonni kai tsaye zuwa wani adireshi. Ɓarayi kan dasa umarni a nan, ta yadda ko ka canza kuba, kwafin duk wasiƙar da ta shigo yana ci gaba da zuwa musu. Bayan haka ka kunna matakin tsaro na biyu. Manhajar da ke samar da lambobi a waya ta fi saƙon tes aminci, amma ko na tes ɗin ya fi babu nesa ba kusa ba. Za a ba ka wasu lambobin ko-ta-kwana, ka rubuta su a takarda.

Haka za ka yi wa Facebook da Instagram da sauransu: sabuwar kalma, fitar da kowa, mataki na biyu. A WhatsApp ka duba jerin na'urorin da aka haɗa, ka cire duk wanda ba ka gane ba har da kwamfutar da ta kamu, ka saka lambar sirri mai alƙaluma shida.

Maganar banki tana da nata nauyin. Idan ka taɓa saka lambar katinka a wannan kwamfutar, kira bankin a toshe shi, ka karɓi sabo. A gari irin namu da yawancin hada-hada ta koma hannun masu POS, kuma reshen bankin mutum kan kasance a Gwagwalada ko cikin birni, bai kamata a jira ranar Litinin ba. Bankuna suna da layin kira da lambar toshe asusu ta waya. Nemi ta bankinka tun yau ka rubuta, kada sai ranar da hannunka ke rawa. Abin da ya fi damuna shi ne abubuwan da ba a canzawa. Lambar BVN da Babban Banki ya ɓullo da ita a 2014, da lambar NIN, kowacce alƙaluma goma sha ɗaya, abokan rayuwa ne. Kusan kowace kwamfutar gida tana ɗauke da hoton takardar NIN ta maigida da ta uwargida da ta yara, saboda kullum ana neman a ɗora su a wani fom. Idan suna ciki, ka ɗauka sun fita. Waɗannan lambobi su kaɗai ba sa buɗe asusu, amma suna ba ɗan damfara bakin magana. Wata rana zai kira ka da ladabi, ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka da BVN ɗinka, ya ce daga banki yake, ana so a gyara maka matsala, ka karanto masa lambar da aka turo yanzu. Sanin da ya yi maka ba shaidar komai ba ne illa cewa ya sayi ƙunshinka. Babu ma'aikacin banki da aikinsa ya ba shi damar tambayar lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta tes. A gaya wa iyaye mata da tsofaffin gida wannan, domin su ake fi nema. A kuma sa wa layin waya lambar kulle, tunda a yau layin mutum shi ne ƙofar asusunsa.

Sai abin da ya fi duk waɗannan wuya, wanda ba na fasaha ba ne, wato faɗa wa mutane. Ƙanena ya kwana bai sanar da kowa ba. Kunya ta hana shi, yana ganin za a ce malami guda an yi masa wayo, ko a yi zaton wani shafin banza ya shiga. A cikin wannan daren mutum biyu suka tura kuɗi, ɗaya tsohon ɗalibinsa ne, ɗaya abokin aikinsa da bai daɗe da karɓar albashi ba. Sun tura ne saboda mutuncinsa, kuma wannan mutuncin shi ne ainihin abin da aka sata. Da safe ya rubuta a zauren malamai na WhatsApp, ya kira dangi, bayan azahar ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa ya faɗa. Daga lokacin babu wanda ya ƙara tura ko sisi. Da ya yi haka tun daren, da kuɗin mutanen nan biyu suna hannunsu. Wanda aka yi wa kutse ba shi ya yi abin kunya ba, kuma sa'a guda ta shiru tana iya jawo wa ɗan'uwa asarar wata guda.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kira bankinsa nan take, ya ba da lambar asusun da kuɗin suka shiga, don da sauri ne kawai ake iya tsayar da su kafin a kwashe. A ɗauki hoton saƙonnin da na shaidar tura kuɗin a adana. Najeriya tana da dokar laifukan intanet tun 2015, an yi mata gyara a 2024, kuma rundunar 'yan sanda tana da cibiya ta musamman kan waɗannan laifuka a Abuja, ga kuma hukumar EFCC. Ba kowane rahoto ke dawo da kuɗi ba, amma asusun da aka kai ƙararsa ya fi saurin rufuwa, kuma hakan kariya ce ga na gaba.

Yanzu mu koma ga kwamfutar. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: wadda manhajar satar bayanai ta shiga, a yi mata fomat a sake saka Windows daga tushe. Maganin bairos yana kama abin da ya sani ne, kuma irin waɗannan manhajoji sukan zo da rakiya, wata tana jawo wata. Kwashe takardu da hotuna kawai zuwa wani faifai, ka bar duk wata manhaja, komai son da kake mata. Amma a nan ma akwai rami. Sau da yawa mai gyara yakan ciro filash ɗinsa da ya zaga kwamfutoci masu yawa, ya saka fasasshiyar Windows, ya bi ta da manhajar da ke tilasta mata aiki, ya ƙara da fasasshen Office, sai ka koma gida da sabuwar cuta a sabon jiki. Alhali Microsoft yana ba da faifan saka Windows kyauta a shafinsa, kuma yawancin laftop ɗin gwanjo da ake shigo mana da su suna ɗauke da lasisinsu a jikin injin, da an haɗa su da intanet za su kunna kansu. Maganin bairos ɗin da ke zuwa da Windows, wato Defender, ya ishi kwamfutar gida matuƙar an bar shi a kunne. Mai buga jarrabawa da wasiƙu kuma LibreOffice ta wadatar da shi, kyauta ce ta halal.

Na san dalilin da ya sa ake kashe sabuntawar Windows. Data ta yi tsada, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, ga wuta da ba ta da tabbas. Amma a tuna da WannaCry, wanda a watan Mayun 2017 ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya fitar da facin ɓarakar da ya bi ya shiga tun watan Maris, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka ba. Ko sau ɗaya a wata, da datar dare mai rahusa, a bar kwamfuta ta sabunta kanta. Akwai kuma matsalar da ke gaban gidaje da yawa: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, ya daina na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin shekara guda. Tsofaffin injuna da yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba. Ga waɗannan, Linux Mint ko Ubuntu mafita ce ta gaske, kuma matashin da ya koyi saka su a Abaji ba zai rasa aiki ba.

Idan kuwa irin mai kulle takardu ne ya kama ka, yana neman kuɗin fansa, kada ka yi gaggawar biya, don babu tabbacin za a buɗe. Akwai shafin No More Ransom da 'yan sandan Turai da na Holan da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, inda ake samun mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. Abin da ke ceton mutum na haƙiƙa shi ne kwafin takardunsa a faifan da yake cirewa ya ajiye a akwati.

Kalmar sirri kuma, a daina sunan ɗa da shekarar haihuwa, a daina lambar waya, a daina kalma ɗaya ga ƙofa goma. Haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, kowane asusu da nasa, ka rubuta a ɗan littafi ka ajiye inda kake ajiye takardar fili. Ɓarawon da ke wata ƙasa ba zai iya buɗe akwatinka na ƙarfe ba, burauza kuwa ya riga ya nuna yana iya buɗe ta. A buɗe wa yara da baƙi nasu sashe a kwamfutar, wanda ba shi da ikon saka manhaja. A ware filash guda na zuwa shagon buga takardu, kada ya ɗauki komai sai abin da za a buga, kuma a bincike shi kafin a buɗe a gida, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In ya zama dole ka shiga imel ɗinka a kwamfutar shago, ka fita kafin ka tashi, ka canza kalmar da ka isa gida.

Ƙanena ya samu imel ɗinsa bayan kwana huɗu, saboda tsohuwar wayar da ya saba shiga da ita tana hannunsa, kuma Google ya gane ta. Shafinsa na Facebook bai dawo ba, da hotunan shekaru da yawa a ciki, har da na marigayi mahaifinmu. Ya biya mutanen nan biyu kuɗinsu daga albashinsa, duk da sun ce ya bari.

Kirana na ƙarshe ga masu gyaran kwamfuta da waya ne, na Abaji da Yaba da Kwali har Gwagwalada. Ku ne likitocin da jama'a suka sani, kuma abin da kuka faɗa shi ake ɗauka. Idan an kawo muku na'urar da ta kamu, kafin ku ɗauki sukurdireba, ku zaunar da mai ita ku ce ya ciro wayarsa, ku nuna masa yadda zai canza kalmar sirrin imel ɗinsa ya fitar da duk wanda ke ciki. Minti goma ne, kuma ku yi shi kafin ya bar shagon.